Kallon Kufai a Tsibirin Kubrus

Tsibirin Kubrus, wanda ɗalibanmu masu karatu a can suka fi sani da Saifurus, bai kai rabin jihar Kano faɗin ƙasa ba. Amma mutumin da ya samu mota da takardun tsallake shingen da ya raba tsibirin biyu yana iya tsayawa da hantsi a bakin kabarin wata sahabiya kusa da Larnaka, ya ƙarasa cikin garin ya leƙa cocin da Kiristoci suke cewa a nan aka binne Li'azaru, ya gangara Kirokitiya ya ga tushen ɗakunan mutanen da suka rayu kusan shekara 7,000 kafin haihuwar Annabi Isa, sannan ya yi la'asar a Famagusta cikin ginin da a da ake naɗa sarakunan 'yan yaƙin Salibiyya a cikinsa. Kamfanonin yawon buɗe ido suna sayar da wannan zagaye haɗe da wankan teku da ɗakin otal, kuma samarinmu da 'yan matanmu da ke jami'o'in Famagusta da Nikosiya da Girne suna yin abin da ya samu daga cikinsa a ranakun hutu, su ɗauki hotuna su aiko gida. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, me Musulmi ya je nema a irin waɗannan wurare? Akwai masu cewa ɓata lokaci ne. Akwai masu cewa abin ya wuce ɓata lokaci, ya taɓa aƙida. Akwai kuma waɗanda ba su ga abin tambaya a ciki ba sam, tunda dai shaƙatawa ce. Ni a ganina wannan kallo aiki ne da addini ya yi umarni da shi, sai dai da sharaɗi mai nauyi, wato mai kallon ya lissafa kansa cikin waɗanda yake kallo. Idan wannan sharaɗi ya faɗi, to masu sukar su ne da gaskiya.

Tushen maganar yana cikin Alƙur'ani. A wurare fiye da goma, daga Ali Imrana da An'am har zuwa Rum da Gafir da Muhammad, an umarci mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace su ya kasance, ko kuma an zarge su da cewa sun yi tafiyar amma ba su duba ba. Waɗanda aka fara gaya wa wannan fatake ne, ayarinsu yana ratsa kufan Samudawa a kan hanyar Sham. Kufai ba baƙon abu ba ne a wurinsu, abin da ya ɓace musu shi ne alaƙar kufan da su kansu. Shi ya sa ayoyin suke ta nanata cewa mutanen da suka shuɗe sun fi masu sauraro ƙarfi, sun fi su noma ƙasa, sun fi su raya ta da gine-gine. Ana tura mutum kufai ne domin ya gane cewa waɗanda suka fi shi ma sun tafi. Abin lura kuma, umarnin da ke cikin Ali Imrana ya zo ne a tsakiyar ayoyin da suke magana a kan Uhudu, ana rarrashin Musulmi bayan rauni da rashin da suka same su, kuma 'yan ayoyi kaɗan gaba aka shaida musu cewa ranakun rinjaye Allah yana jujjuya su a tsakanin mutane. Don haka babu hanyar da za a ce darasin kufai na kafirai ne kaɗai, mu kuwa 'yan kallo ne. Suratul Hajji ta ɗora alhakin a inda ya dace, da ta haɗa tafiya a ƙasa da zuciya mai hankalta, ta kuma nuna cewa makantar da ake tsoro ta zuci ce.

Tsibiri yana koyar da wannan darasi fiye da ƙasa mai faɗi, kuma dalilin a fili yake. Inda fili ya yalwata, sabuwar daula tana iya barin tsohon birni ya mutu ta kafa nata can nesa, har jikokinta su manta an taɓa yin wasu kafin su. A tsibiri ruwa ya kewaye kowa, tashoshin jiragen ruwa ƙidayayyu ne, rijiyoyi da duwatsun gini su ne dai na jiya, saboda haka duk wanda ya ci ƙasar a kan na gabansa yake zama. Kubrus ta ga Girkawa da Finikiyawa da Assuriyawa da Misirawa da Farisawa da Rumawa, tagullarta da mazauninta a gabashin Bahar Rum suna jawo su ɗaya bayan ɗaya. Sarkin Ingila Richard ya ƙwace ta a 1191 a kan hanyarsa ta zuwa yaƙin Kudus, gidan Lusinyan na Faransawa ya mulke ta daga 1192 zuwa 1489, mutanen Benis suka gaje su, Turkawan daular Usmaniyya suka ci ta a 1570 da 1571, Ingila ta karɓi ragama a 1878, aka ba da 'yanci a 1960, a 1974 kuma tsibirin ya tsage biyu. A takarda wannan jeri ne kawai na shekaru. A ƙasa kuwa bango ne da ake iya dafawa: duwatsun tsohon birnin Salamis da su aka gina wani ɓangare na Famagusta, kuma a gefen makwancin sahabiyar da na ambata masu tonon tarihi sun tono wani birnin fatake na zamanin tagulla wanda ya mutu fiye da shekara 1,500 kafin a haife ta.

A tsakiyar tsohon garin Famagusta, cikin ganuwar da mutanen Benis suka ƙarfafa, akwai masallacin Lala Mustafa Pasha. Wanda ya tsaya a gabansa zai ga ƙofofi uku masu tsinin kai, da babbar taga mai sassaƙaƙƙen dutse, da hasumiyoyi biyu da suka rasa kawunansu, irin ginin manyan cocin arewacin Faransa sak, sai dai a kan hasumiyar hagu an ɗora wata siririyar hasumiyar kiran salla. An fara ginin a 1298 da sunan cocin Waliyyi Nikolas, kuma a nan ake ɗora wa sarakunan Lusinyan kambin sarautar Kudus, birnin da ya daɗe da fita daga hannunsu. A ciki an shafe bango da farar ƙasa, babu gunki babu zane, kuma da yake maginan ba alƙibla suka nufa ba, sahu yana ratsa tsakanin ginshiƙai ne a kaikaice. A bakin ƙofa akwai wani tsohon ɓaure da ake cewa tare da ginin aka dasa shi. Mutum biyu suna iya tsayawa a inuwarsa kowa ya ga nasa. Musulmi ya ga nasara, ya ce ga inda aka karya ƙarfin Salibiyya. Kirista ya ga ƙwace, ya ce ga ɗakin ibadarmu a hannun wasu. Kowannensu ya mayar da ginin shaida a shari'ar da yake yi da ɗan'uwansa, kuma kowannensu ya tsallake rabin labarin. Cocin na Katolika ne, na masu mulkin da suka zo daga Turai suka danne cocin Otodoks na 'yan ƙasa a ƙarƙashin nasu, kuma Turkawa ne suka mayar wa babban limamin Otodoks matsayinsa. Amma Turkawan nan su ne, bayan ƙawanyar wata goma sha ɗaya da sulhun miƙa wuya, suka feɗe kwamandan Benis, Markantoniyo Bragadin, da ransa, kuma wanda ya ba da umarnin shi ne mutumin da masallacin yake ɗauke da sunansa tun 1954. Su ne kuma suka rataye babban limamin Otodoks, Kipriyanos, a 1821. Musulmin da ya san Annabi ya hana wulaƙanta gawar abokin gaba, balle feɗe mai rai, ba zai iya tsayawa a wannan dandali da alfahari zalla ba. Yana iya gode wa Allah da ake kiran salla a wurin, ya kuma ji nauyin abin da aka aikata da sunan mutanensa, ya kuma tuna cewa daular da ta ɗora hasumiyar ita ma yau a littattafan tarihi ake samunta.

Gwajin ya fi tsanani a wurin da zuciyar Musulmi ta fi so. A gaɓar tafkin gishiri na Larnaka, inda tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da jan fiffike suke sauka da hunturu, akwai masallaci mai ƙubba ɗaya cikin itatuwan dabino, wanda Turkawa ke kira Hala Sultan Tekke. Ginin da ake gani yanzu an kammala shi a 1817, amma kabarin da ke jikinsa, ƙarƙashin wani ƙaton falalen dutse da aka ɗora a kan wasu biyu, ana danganta shi da Ummu Haram 'yar Milhan, 'yar'uwar Ummu Sulaim mahaifiyar Anas ɗan Malik, matar Ubada ɗan Samit, Allah ya yarda da su. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ƙailula a gidanta ya farka yana murmushi saboda an nuna masa wasu daga al'ummarsa suna keta teku, ta roƙe shi ya yi mata addu'ar kasancewa cikinsu, ya yi mata. A halifancin Usman, lokacin Mu'awiya yana gwamnan Sham, ta bi rundunar ruwa ta farko da Musulmi suka tayar, bayan an sauka dabbar da ta hau ta kayar da ita ta rasu. Labari ne mai tayar da tsikar jiki, kuma ya cancanci haka. To amma ba nisa daga nan akwai kufan Salamis, babban birnin tsibirin a wancan zamani, wanda hare-haren waɗannan shekarun suka yi wa raunin da bai sake miƙewa ba, kuma a kufan cocin Soloi da ke arewa maso yamma an tono rubutun Girkanci da mutanen garin suka sassaƙa, yana ambaton harin da ɗimbin mutanen da aka kwashe. Shekarar da muke tunawa da cikar mafarkin Annabi, su da kuka suka rubuta ta.

Wani zai ce kawo wannan rabin labarin rage darajar sahabbai ne. Amsar tana wurin sahabban da kansu. Malaman tarihi da na zuhudu sun ruwaito daga Jubairu ɗan Nufair cewa ranar da aka ci Kubrus, ana rarraba kamammu suna kuka, ya tarar da Abu Darda'i zaune shi kaɗai yana hawaye. Ya tambaye shi me zai sa shi kuka a ranar da Allah ya ɗaukaka Musulunci, shi kuwa ya ba shi amsa da cewa waɗannan mutane jiya-jiya suna da mulki da rinjaye, da suka bar umarnin Allah sai ga inda suka koma, kuma halitta ba ta da wani nauyi a wurin Allah idan ta bar umarninsa. Ga mutum yana cikin rundunar da ta yi nasara, a ranar nasarar, a kan wannan tsibiri, amma ya dubi waɗanda aka ci da yaƙi ya hango abin da ke iya samun nasa mutanen. Wannan shi ne kallon da nake nufi, kuma ba wani baƙon tunani ba ne da aka aro daga waje. Irin wannan ido ne ya sa daga baya, a zamanin Abbasiyawa, da wani gwamna ya nemi warware alkawarin da ke tsakanin Musulmi da mutanen Kubrus, ya tambayi malamai, ciki har da Imam Malik da Laisu ɗan Sa'ad da Sufyanu ɗan Uyaina, Malik ya ba shi shawarar kada ya yi gaggawar warwarewa. Tsibirin ya zauna daga 688 har zuwa 965 a kan yarjejeniyar da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya ƙulla da Sarkin Rum Justiniyan na biyu, daulolin biyu suna raba harajinsa alhali suna yaƙi da juna a wasu wurare.

Suka ta farko mai ƙarfi ita ce ta hadisin da ya taƙaita ɗaura sirdi domin ziyara ga masallatai uku, na Makka da na Madina da na Kudus. A ƙasar Hausa ba sai an gabatar wa kowa wannan muhawara ba, mun sha jin ta a kan Hubbaren Shehu a Sakkwato da wasu makwantan bayin Allah. Ibn Taimiyya ya fahimci hadisin a kan hana tafiya takanas domin kabari, Gazali da Nawawi da Subki kuma suka fahimce shi a kan cewa babu masallacin da salla a cikinsa ta fi lada har a yi masa tattaki sai waɗannan uku. Ba sai na raba wannan gardama ba kafin maganata ta tsaya, domin ko a kan fahimta mafi tsauri abin da aka hana shi ne nufin wani wuri da imanin cewa ibada a wurin ta fi karɓuwa. Ibn Taimiyya bai hana fatauci ba, bai hana tafiya neman ilimi ba, bai hana wanda ya riga ya isa gari ziyartar maƙabartarsa ba, tunda Annabi ya ba da izinin ziyarar kabari saboda tana tunatar da lahira. Inda masu sukar suke da gaskiya shi ne abin da ake liƙa wa wuraren. A kan dutsen da ke saman kabarin Ummu Haram an daɗe ana ba da labarin cewa ya taɓa tsayuwa a iska ba tare da madogara ba, kuma takardun tallan yawon buɗe ido sukan jera wurin a matsayin na uku ko na huɗu a tsarki a duniyar Musulunci. Wannan jeri ba shi da asali a Alƙur'ani ko Sunna. Mai ziyara ya yi sallama, ya yi mata addu'a, ya tuna mace ce da ta bar Madina ta hau teku a zamanin da Larabawa ke tsoronsa, wannan ya ishe shi, kuma ya fi girmama ta da gaskiya fiye da tatsuniyar dutse.

Suka ta biyu ta shafi wuraren da ba namu ba: cocin tsaunukan Turodos da aka cika bangonsu da zanen waliyyai daga ƙasa har rufi, gidan sufayen Kikkos, kufan haikalin gunkiya Afrodait kusa da Pafos. Malamai sun saɓa a kan shiga coci, daga mai haramtawa idan akwai siffofi zuwa mai karhantawa zuwa mai halattawa. Bukhari ya kawo cewa Umar ya ƙi shiga cocin Kiristoci saboda siffofin da ke ciki, ya kuma kawo cewa Ibn Abbas yakan yi salla a coci in babu gumaka. Abin da duka riwayoyin suka nuna shi ne damuwar tana kan siffa da ibada a gabanta, ginin kansa ba ƙazanta ba ne. Suratul Hajji ma ta lissafa ɗakunan sufaye da coci da wuraren ibadar Yahudawa tare da masallatai a cikin abin da Allah yake karewa daga rushewa ta hanyar tunkuɗe wasu mutane da wasu. Iyakar a bayyane take: Musulmi ba zai kunna kyandir a gaban zane ba, ba zai sumbaci hoto ba, ba zai shiga sahun masu ibada ba. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu da shiga ba, ya tsaya a waje, bai yi laifi ba. Amma a ce ganin abin da wasu suke bauta wa yana raunana tauhidi, wannan raina tauhidi ne. Alƙur'ani da kansa ya ambaci gumakan mutanen Nuhu da na Ƙuraishawa da sunayensu. Wanda ya tsaya a Kukliya, inda kufan haikalin Afrodait yake, ya ga cewa haikalin da mahajjatan duniyar Girka da Rum suka yi ƙarnuka suna tururuwa zuwa gare shi yau 'yan tubala ne a kwance, abin bautar kuma wani baƙin dutse ne mai tsini da ke ajiye a gidan tarihi, ya karanta tafsirin ayoyi da dama da idonsa.

Akwai hadisin da ya fi waɗannan duka kusa da batun, kuma shi ne ya kamata ya tsorata mai yawon buɗe ido. A kan hanyar Tabuka, da rundunar Musulmi ta isa Hijir, mazaunin Samudawa, Annabi ya hana su shiga gidajen waɗanda aka halaka sai dai suna masu kuka, don kada abin da ya sami waɗancan ya same su, sannan ya rufe kansa ya sa taguwarsa sauri har ya wuce kwarin. Masu hani suna kafa hujja da saurin. Ni kuwa ina ganin togaciyar ita ce zuciyar hadisin: an bar ƙofar shiga a buɗe ga mai kuka, an rufe ta ga wanda zai shiga zuciyarsa a bushe, kuma dalilin da aka bayar shi ne cewa mai kallon ba shi da wata kariya daga makomar waɗanda yake kallo. Ba na cewa mutanen Kubrus al'umma ce da aka saukar wa azaba, wannan hukunci ba na kowa ba ne sai Allah. Ladabin da hadisin ya koyar ne yake aiki a nan, kuma babu inda ya fi bukatuwa kamar Barosha, unguwar otal-otal da ke kudancin Famagusta. Mazaunanta Girkawa sun gudu a watan Agustan 1974, sojojin Turkiyya suka kewaye ta da waya, ta zauna babu kowa shekara 46, har aka buɗe wani ɓangarenta ga masu kallo a watan Oktoban 2020. Yau ana hayar keke a bakin ƙofa, a bi titin da aka sake shimfiɗa wa kwalta tsakanin benaye marasa tagogi da shagunan da itatuwa suka tsiro a cikinsu, ana tsayawa ana ɗaukar hoto. Masu gidajen nan da yawansu suna raye, wasu suna zuwa su tsaya a bayan igiya su kalli ƙofar ɗakin da aka haife su. Bahaushe ya san yadda ake shiga gidan makoki: a sassauta murya, a rage fara'a, a yi gaisuwa, kada a daɗe. Wanda ba zai iya shiga Barosha haka ba, gara kada ya shiga.

Daga nan wata suka take tasowa, wannan karon daga masu tunanin zamani. Suna cewa yawon buɗe ido da kansa shi ne cutar, domin yana mayar da wurin ibada haja da tikiti, yana mayar da mai salla abin kallo, kuma duk abin da mutum zai koya a kufai yana iya karanta shi a littafi ba tare da ya tattake makwancin kowa ba. Rabin farko na wannan magana gaskiya ne sau da yawa. Rabi na biyu ne ban yarda da shi ba. Gani ya kori ji, kuma an ruwaito daga Annabi misali da Annabi Musa, wanda Ubangijinsa ya ba shi labarin abin da mutanensa suka yi da ɗan maraƙi bai jefar da allunan ba, sai da ya gani da idonsa. Mutum yana iya karanta cewa sakamakon rabuwar 1974 Girkawan Kubrus kimanin 160,000 sun bar arewa, Turkawan Kubrus sama da 40,000 kuma sun bar kudu, adadin ya wuce ta kansa kamar kowane adadi. Amma idan ya ga masallacin ƙauye a kudu a garƙame, ciyawa ta cinye maƙabartarsa, ransa ya ɓaci, sannan ya ga cocin ƙauye a arewa babu ƙofa, tattabaru sun mayar da shi gida, sai tambaya ta tsaya masa a wuya: ɓacin ran nan nawa na ɗakin ibada ne da aka wulaƙanta, ko kuwa na ɓangarena ne kawai? Littafi ba ya cika tilasta wa mutum wannan tambaya, domin mai karatu yana zaɓar littafinsa. Kuma rashin masu kallo ba ya tsare wuri. Cocin Kanakariya da ke yankin Karpas, a shekarun da babu mai leƙa shi, ɓarayi suka ɓamɓare zanen ƙananan duwatsu na ƙarni na 6 daga bangonsa, aka sayar wa wata dillaliya a Amurka, sai da kotu a Indiyana ta yanke hukunci a 1989 kafin aka dawo da su tsibirin.

Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa a kan wannan ra'ayi shi ne mutanen tsibirin da kansu, waɗanda ciwon nasu ne, sun kama wannan hanya. Tun 2008 akwai kwamitin haɗin gwiwa na Girkawa da Turkawan Kubrus, da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Turai, wanda yake gyara coci da masallatai da ganuwa da gidajen wanka a ɓangarorin biyu, injiniyan wannan addini yana tsaye a kan rufin ɗakin ibadar wancan. Gidan sufayen Manzo Andarawus da ke can ƙarshen Karpas, Cocin Kubrus da hukumar waƙafin Musulmi, Evkaf, su suka haɗa kuɗin gyaransa. Shugabannin siyasa sun kasa haɗe tsibirin, amma waɗannan sun yarda cewa rushewar ɗakin ibadar maƙwabci asara ce a gare su.

Ɗalibinmu da ke arewa yana da wani yanayi na daban da ya kamata a faɗa. Gwamnatin kudu ba ta amince da shigowa ta filin jirgin Ercan da ke arewa ba, don haka mafi yawan 'yan Afirka da ke karatu a arewa ba sa iya tsallakawa, kuma kabarin Ummu Haram yana kudu. Abin da ke kusa da shi, 'yan kilomita daga ɗakin kwanansa a Famagusta, shi ne Salamis da ginshiƙanta, da gidan sufayen Barnaba wanda sufayensa uku na ƙarshe suka bar shi a 1976 aka mayar da shi gidan tarihi, da cocin da suka zama masallatai, da Barosha. Kusan duk abin da ƙafarsa za ta kai shi asarar wasu ce, ba tasa ba, kuma zai gan ta ne ta bakin masu rakiyar ɓangare ɗaya. Ya kamata ya san haka kafin ya fita, ya nemi sunan da ƙauyen yake da shi kafin 1974, ya tambayi inda mutanensa suka koma, ya kuma tuna cewa a ɗaya gefen wayar akwai ƙauyukan Musulmi da aka yi wa irin wannan.